Kuɗin taimako domin lafiyar mutanen karkara: ƙofofin da ake bi, da abin da ake tambaya a bakinsu

A ƙauyuka da dama na jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, matafiyi yakan tarar da ɗakin shan magani wanda aka gina da siminti, aka rufe da kwano, amma in ya leƙa ciki sai ya ga kabad ɗin magani wayam. In ya tambayi mai gari, amsar ɗaya ce: furoje ya ƙare. Kuɗin da ƙasashen waje da manyan ƙungiyoyi ke bayarwa kyauta domin kiwon lafiya ba su daina zuwa ba, amma sun ragu, hanyoyinsu kuma sun sake. Saboda haka ya kamata shugabannin ƙauyuka, da ƴan kwamitin lafiya, da waɗanda suka fito daga makarantun yaƙi da jahilci, su san inda kuɗin nan ke fitowa, da wanda yake da ikon nemansu.

Al'amarin ba sabo ba ne a Nijar. Tun cikin shekarun 1960 aka fara horar da masu ba da taimakon gaggawa da unguwar zoma a ƙauyukan jahar Maraɗi, ana ba su akwatin magani. Da aka yi babban taron Alma-Ata a 1978, ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya na farko shi ne tushe, watau maganin da ke kusa da gidan talaka. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka ƙara wani sharaɗi: jama'a su riƙa biyan wani abu kaɗan, su kafa kwamiti ya riƙe kuɗin, domin a sake sayen magani in ya ƙare. Nijar ta gwada wannan a 1993. A Sayi, babba yana biyan tamma 200 duk lokacin da ya zo neman magani. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji yana ƙara tamma 200 a shekara, sa'an nan ya biya ɗan abu kaɗan ran da ciwo ya kama shi. Aka ga masu zuwa likita sun fi ƙaruwa a Boboye, musamman talakawa. A 1995 aka yi doka, tsarin biyan kuɗin magani ya game ƙasa. Kwamitin lafiya da ake gani yau a kowace cibiya, daga nan ya samo asali, kuma shi ne farkon wanda mai ba da taimako yake tambaya.

Babbar ƙofa ita ce wadda mutanen ƙauye ba sa gani da idonsu. Asusun duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da zazzaɓin sauro, wanda aka kafa a 2002, ba ya miƙa kuɗi hannun mai gari. Wani kwamiti ne na ƙasa, wanda ya haɗa gwamnati da ƙungiyoyi da wakilan marasa lafiya, yake rubuta takardar nema. In an amince, kuɗin su shiga hannun babban mai karɓa, shi kuma ya raba wa ƙanana. Abin da ke isa ƙauye shi ne gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da horon ma'aikatan sa kai. Haka Gavi, wadda aka kafa a 2000, take aiki: allurar rigakafi da firjin da ake ajiye ta. A 2006 kuma aka buɗe asusun haɗin gwiwa na kiwon lafiya a Yamai, inda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka fara zuba kuɗinsu wuri ɗaya, daga baya wasu suka biyo. An tsara asusun ne ya bi tsarin aikin shekara na ma'aikatar lafiya da na gundumomin lafiya. Ma'anar wannan ga mutanen ƙauye a fili take: bukatar da ba a rubuta ta cikin tsarin cibiyar lafiya ba, har ta hau zuwa ga babban likitan gunduma, ba ta da rabo a cikin manyan kuɗi, ko da kuwa ta fi kowace bukata gaggawa.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙaramar hukuma. An zaɓi majalisun farko a 2004, a ƙananan hukumomi 265. Kowace tana da tsarin raya ƙasa na shekaru, wanda ake tattarowa daga ƙauye zuwa ƙauye. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin ta riƙa isar da tallafin gwamnati da na abokan hulɗa zuwa gare su, a 2016 kuma aka danƙa musu wani sashe na ayyukan ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe ƙananan hukumomi. Duk da haka, mai ba da taimako da ya zo da niyyar gina ɗakin haihuwa ko rijiyar famfo, tsarin raya ƙasa yake fara dubawa. Ƙauyen da bai aika kowa ba ran da ake tattara bukatu, ya bar wa maƙwabta rabonsa.

Ƙofa ta uku ƙarama ce, amma ita ce ƙungiyar ƙauye take iya ƙwanƙwasawa da kanta. Ƙasar Japan tana da shirin ba da kyauta ga ƙananan ayyukan jama'a tun 1989, wanda ya fi karkata ga gine-gine da kayan aiki: aji, ɗakin haihuwa, rijiya. Asusun muhalli na duniya yana da nasa shirin ƙananan kyaututtuka tun 1992, ta hannun PNUD. Shekaru da yawa iyakarsa dalar Amurka 50,000 ce ga aiki guda. Shi ba na magani ba ne, amma wutar hasken rana da gyaran ƙasa da murhu mai rage hayaƙi duk suna taɓa lafiyar iyali.

A bakin wannan ƙofa ne ƙungiyoyi suka fi faɗuwa, kuma ba domin bukatarsu ƙarya ce ba. Abu na farko da ake tambaya shi ne takardar amincewar hukuma. Dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta ce sai an bayyana ƙungiya, an kai dokokinta da sunayen shugabanninta, kafin ta yi aiki da sunanta. Taron mata arba'in da suka shekara goma suna adashe, in ba su da wannan takarda, a idon mai ba da kuɗi babu su. Daga nan sai asusu a banki ko a gidan ajiya, da sunan ƙungiya, wanda mutum ɗaya ba ya iya fid da kuɗi daga cikinsa shi kaɗai. Sai takardar fili. Dattijo yakan ba da gefen gonarsa da baki domin a gina likita, ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. Kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada shi ne yake rubuta kyautar, a sa hannu gaban shaidu.

Akwai kuma sharaɗin da ake yawan mantawa, alhali ya fi sauran nauyi, watau yardar babban likitan gunduma. Mai ba da taimako yana gina bango, yana sayen gado da ma'auni, amma ba ya biyan albashin malamin asibiti shekara da shekaru. In hukumar lafiya ba ta ɗauki alkawarin turo ma'aikaci ba, ginin zai zama wurin shan inuwar awaki. Ƙasar ta ga amfanin gini da ma'aikaci in sun haɗu. Cikin shirin musamman na shugaba Mamadu Tanja an gina ɗakunan shan magani kusan 2,000, aka horar da masu riƙe su, a 2006 kuma aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta. Mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma ta ga ɗaya fuskar ma. Kuɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiyoyi a madadin maganin kyauta sun riƙa makara watanni, wani lokaci fiye da shekara, akwatin kwamiti ya bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a kanti.

Game da rabon da jama'a za su kawo, kada a ɗauke shi wulaƙanci. Yashi, tsakuwa, ruwa da aikin hannu duk ana ƙiyasta su da kuɗi a cikin dosiye. Shirin ayyukan jama'a da Bankin Duniya ya tallafa tun 2003 a kan wannan ƙa'ida ya yi tafiya. Abin da ya kamata a guda shi ne ɗan tsakani mai yawo da jaka, wanda yake cewa a tara masa jika hamsin ya shigar da takarda. Shirye-shiryen da aka ambata a nan ba sa sayar da takardar nema.

Shekarun nan sun nuna cewa ƙofa takan rufe ba tare da sallama ba. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da wani sashe na taimakonsu. Bankin Duniya ya tsaya, ya dawo a 2024. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana tallafa wa yaƙi da zazzaɓin sauro da tamowa. Cikin wannan shekara ta 2025, a watan Janairu, hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kau da ciwon makantar kogi, kamar yadda ta shaida rabuwarta da kurkunu a 2013. Ayyukan nan biyu sun ci kuɗin waje mai yawa, amma sun ɗauki shekaru masu yawa kuma, mutanen ƙauye ne suka riƙa tace ruwa, suna kai rahoto.

Shi ya sa masu ba da taimako suke duban abin da ƙauye ya riga ya tara da kansa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara da su a jahar Maraɗi a 1991, ba a ba su jari ba. Akwati ne da zubi na mako mako, da wani ɗan asusu na gefe domin ciwo da haihuwa. Tsarin ya bazu har ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. A wasu gundumomi kuma an ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita, ana tara su domin man motar ɗaukar mai naƙuda zuwa babban asibiti. Kwamitin da ya kawo littafin irin wannan asusu, shiga da fita a rubuce, wata bayan wata, ya kawo shaidar da ta fi doguwar wasiƙa.

A nan aikin wanda ya yi yaƙi da jahilci yake. Dosiye da Faransanci akan rubuta shi, amma lissafin da ke cikinsa daga littattafan ƙauye yake fitowa: yawan gidaje, nisan ƙauye da cibiyar lafiya mafi kusa, mata nawa suka haihu a gida bara, yara nawa aka kai asibiti da amalanke cikin damina. Ana iya rubuta waɗannan da Hausa, magatakardan kwamiti ya kai wa majo na cibiyar lafiya. Gundumomin lafiya sukan shirya tsarin aikin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, watau bayan girbi. Takardar da ta isa a watan Oktoba ana iya sa ta cikin lissafi. Wadda ta isa a watan Fabrairu sai ta jira wata shekara.