Tawa: Jibji Na Cin Fili, Wa Zai Shata Masa Iyaka?

Matafiyin da ya doso Tawa, ko ta hanyar Ƙonni ko ta hanyar Abalak, baƙar leda ce ke fara tarbarsa, maƙale a ƙaya, tun bai hangi gidajen farko ba. Wasu za su ce wannan magana ce ta tsabta, aikin masu shara. Mu dai a ganinmu magana ce ta fili, kuma kowa ya san abin da rigimar fili ke jawowa a ƙasar Adar.

Garin da ya tashi daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, yana da mutum wajen dubu 50 a ƙidayar 1988. A ƙidayar 2012 sun haura dubu 100, ga jami'a da aka kafa a 2010, ga gine-ginen Tawa Sakola na 2017. Shara kuwa tana ƙaruwa da ƙaruwar mutane, kuma ta sake kama. A da, abin da ake kwashewa daga gida toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi, har manomi kan roƙa a juye masa amalanke a gona, don taki ne. Yau da leda da batir da kwalba aka cakuɗa. Dokar Nuwamban 2014 ta hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita, amma wanda ya ratsa kasuwar Lahadi ya san inda dokar ta tsaya.

Jibji ba ya neman izini kafin ya faɗaɗa. Yakan fara a wani tsohon rami da aka ɗebi ƙasar gini, in ramin ya cika sai a riƙa juyewa a gefensa, bana taku goma, baɗi taku ashirin. Iyakarsa ta gaskiya kuwa ba inda tarin ya ƙare ba ce. Hayaƙinsa na bin iskar hunturu, ledarsa na shiga gonakin maƙwabta, ruwan damina na ratsa shi ya nutse cikin rairayi zuwa inda rijiyoyi ke sha. Gonar da ba a taɓa ko taƙi ɗaya nata ba sai ta wayi gari darajarta ta faɗi, mai ita kuwa babu diyya, tunda a takarda ba a ƙwace masa kome ba.

Makiyayi shi ne na biyu. Tawa mashiga ce ta dabbobin da ke gangarowa daga Azawak, ta Cintabaraden da Abalak, kuma filin da mutumin gari ke kira fako marar mai shi sau da yawa burtali ne ko masaukin garke. Saniyar da ta haɗiyi leda takan rame ta mutu cikinta a cike. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta sa burtali da makiyaya cikin dukiyar ƙasa wadda ba a mallaka wa kowa, to amma doka ba ta tsare burtalin da ba a kafa masa duwatsun iyaka ba.

Na uku, wanda ya fi ba mu tausayi, shi ne mai sayen fili. Ba'adare yana Abijan ko Libiya yana ci-rani, ya aiko kuɗin shekara uku, ƙane ya saya masa parsel a bakin gari bisa taswira. A taswira kowane fili fari ne tas. Ba ta nuna cewa wurin tsohon rami ne da aka cike da shara. Ƙasar irin wannan wuri tana ci gaba da zama shekara da shekaru yayin da abin da ke ƙarƙashi ke ruɓewa, bango ya tsage, shadda ta rufta. Ma'aikacin da ya ci bashi don ya gina gidan ritaya, shi ma haka.

Kada a ce muna zuguguta magana. Jibjin Mbeubeuss na Dakar an buɗe shi a 1968 cikin wani busasshen tabki nesa da gari; daga baya ya haura hekta 100, unguwanni sun kewaye shi. A Adis Ababa, cikin Maris 2017, tudun sharar Koshe ya zabtare kan gidajen da ke gindinsa, mutum fiye da 100 suka rasu. Wagadugu kuwa ta keɓe fili a Polesgo, ta buɗe wurin binne shara a 2005. Tawa ba ta kai waɗannan birane ba, shi ya sa gyara yake da arha tukuna.

Kayan aikin suna nan. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta daidaita gonar gado da gonar takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya ke zama tare. Dokar 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya kafin a karɓa. Abin da ya rage shi ne hukumar birni ta zauna da maƙwabtanta, Kalfu da Barmu da Bambai, tunda filin da ya isa wannan aiki yana iya faɗawa cikin ƙasarsu. A zaɓi wuri nesa da rijiyoyi da burtali, a auna shi har da inda zai faɗaɗa nan da shekara 20, a bar masa hurumi kewaye da ba za a yanka wa kowa ba, a biya masu gonaki, a sa shi a taswira kafin a raba sabuwar unguwa.

Kafin a kai can, mai niyyar sayen fili a bakin gari ya je da ƙafarsa, ko ya aiki wanda ya yarda da shi. Ya tambayi tsofaffin wurin abin da ke nan shekara 15 da suka wuce, ya sa a haƙa rami kamu uku ko huɗu ya ga abin da zai fito, sannan ya ƙirga kuɗi.