Me Ya Haɗa Manomin Auduga da Barikin Soja?

Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da dattawan ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Mutanen nan manoma ne gaba da baya: auduga, masara, dawa, waken suya, ga tumatir da rake a fadamun Danja. Galibinsu ba su taɓa taka ƙofar bariki ba, ba su san ranar albashi ba. Amma ka zauna a majalisarsu a Bakori ko Ƙafur ko Dandume, ka tambayi wasan talabijin da ya fi zauna musu a rai, kafin ka rufe baki wani ya ce Samanja. Wasan wurin aiki ne, aikin ma na soja, da fareti da oda da horo. Wanda ya fito a matsayin Samanjan, marigayi Usman Baba Pategi, Banufe ne, Hausar da yake yi a wasan kuwa Hausar bariki ce gauraye da Turancin buroka, irin wadda Bakatsine zai ji ya riƙe baki. To ina gamin?

Da farko na zargi rashin zaɓi. Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma har 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Kaduna ce hedikwatar wannan yanki, ita ake kamawa. Akwatin ma sai gidan wane da wane, musamman bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun faɗo hannun ma'aikata a 1975. Yara sukan yi cincirindo a taga, wasu a kan katanga. Ƙauyukan da ba lantarki kuwa ta Rediyon Kaduna suka san muryarsa. Sai dai wannan akwatin ya nuna abubuwa da yawa a shekarun, akasarinsu yau ko sunansu babu mai tunawa. Rashin zaɓi zai sa ka kalli abu, amma ba zai sa ka riƙe shi shekara arba'in ba.

Sai na koma kan kakin. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojan Najeriya ba su wuce kimanin dubu 10 ba, da aka gama sun kai wajen dubu 250. Kusan kowane gari akwai wanda ya tafi ya dawo da takalmin but da wata irin Hausa. Soja ne kuma ke mulki, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Mutumin da ke tsalle ya bar hanya in ya hango motar soja, ga shi an kawo masa soja har cikin ɗaki yana yi masa dariya ba bulala. Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya. Amma da huce haushi ne, da ba a so mutumin ba. Dattawan nan kuwa in suna zancen Samanja sai ka rantse wani ɗan'uwansu ne da ya yi tafiya. Sojojin ma kansu sun ƙaunaci wasan.

Batun karyayyar Hausa ban daɗe a kansa ba. Dariyar bakin wani ba ta wuce mako biyu.

Bakin zaren a teburin mai shayi na same shi, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori, bayan isha'i, lokacin kaka. Wani saurayi ya lalubo tsohon wasan a wayarsa, ya jingina ta da gwangwanin madara, dattawa suka matso da benci. Ni ban kalli wayar ba, fuskokinsu na zuba wa ido. Samanja na daka wa kurata tsawa, gashin baki na rawa, sai murmushi kawai ake yi. Can sai hafsa ya shigo, wanda a haife Samanja ya girme shi nesa ba kusa ba. Nan take ƙaton ya ƙame, ya sara, muryar da ke girgiza bariki ta koma ta ban haƙuri. A nan majalisa ta fashe. Wani tsoho har da tuntsurawa, yana nuna na kusa da shi da haɓa.

Na ce, "Baba, me ya ba ku dariya a nan, ba ku yi a can ba?"

Ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Yaro, kai ba ka yi zaman gandu ba. Wannan ai Yaya ne. Mu ya tashe mu da asuba kamar zai cinye mu, Baffa na leƙo gona sai ya rasa inda zai sa hannunsa."

Wanda bai san gandu ba, ga yadda yake a da. Gona ta uba ce, rumbu nasa ne, shi ke biyan haraji, shi ke sayen garma da fartanya, shi ke yi wa 'ya'ya auren fari. 'Ya'yan, har masu iyali, suna yi masa aiki tun safe zuwa azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Uban ba ya tsayawa a kan kowa. Babban ɗa ke tashin ƙanne, shi ke raba kunya, shi ke faɗa da malalaci. In ciyawa ta ci gona shi ake kira zaure, in an cika rumbu kuwa a ce maigida ya yi noma. Yana da murya, ba shi da mabuɗi. Ƙanne na jin haushinsa, suna kuma sane da cewa sau tari shi ke shanye faɗan da ya kamata ya sauka a kansu. Matsayin samanja ke nan a soja: ya fi kowane kurtu, ya daɗe a aiki, ya san bariki ciki da bai, amma ƙaramin hafsan da ya fito makaranta jiya yana gaba da shi.

Da na gane wannan sai na ga yankin cike yake da irinsa. Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, manomi ya saba da malamin sikeli a kasuwar auduga, mai hura hanci a gaban buhunka, mai rawar jiki in babba ya zo dubawa. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gwambe, sai ga malamin gona a kan babur, yana tsare layin taki da tsawa, ido ɗaya na kan hanya ko motar manaja ta taho. Ga kamasho a tasha. Ga mai unguwa da ke bin gida-gida karɓar haraji, gobe ya je ya durƙusa gaban hakimi da cikon da bai cika ba, har zuwa lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke harajin. Ashe manomi bai buƙatar shiga bariki kafin ya gane mutumin.

A ganina nan ne wasan wurin aiki ya fi sauran. Wasan soyayya sai an ƙago matsala kowane mako. Wurin aiki kuwa da matsalarsa yake kwana: mutanen da ba su zaɓi juna ba, an jera su sama da ƙasa, kuma dole gobe su sake haɗuwa. Ba a Kaduna kaɗai aka gano haka ba. A Inugu an yi Icheoku, inda tafintan kotu ke tsaye tsakanin Bature da mutanen gari yana juya magana yadda ya ga dama. A Ingila, The Office da ya fito a 2001 labarin manajan reshe ne na wani kamfanin takarda, mai cika baki a gaban ma'aikata, mai tsoron hedikwata. Na Amurka ya yi daga 2005 zuwa 2013. Duk na tsakiya ake wa dariya, don shi kaɗai ke da fuska biyu da za a gani a zama ɗaya. Na fi son na Pategi saboda bai mai da mutumin abin raini ba. Samanjansa ya iya aikinsa, kuma in ta yi tsami yana tare da yaransa.

Saura tambaya ɗaya: ina ya samo wannan sani? An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, ya tashi yana ganin yadda manya ke sauke murya a fada. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a shekarun 1960, ya ɗanɗana karɓar oda, ya ajiye kaki a 1985. Ya ga iko daga sama, ya gan shi daga ƙasa. Allah ya yi masa rasuwa a Nuwamban 2023.

Yau tashar Arewa24 na da Daɗin Kowa, wasan gari, da Gidan Badamasi, wasan gida, da Kwana Casa'in, wasan siyasa. Da ni mai shirya wasa ne, kasuwar hatsi ta Dandume zan nufa ranar da take ci, in kafa kyamara a bayan dillali: Alhaji na waya daga Kano yana cewa a rage farashi, manomi na riƙe da bakin buhu yana cewa albarka, 'yan dako na jiran sallama, shi kuma la'adarsa ba ta fita sai an yi ciniki.