Yadda Wikipedia ke tantance jerin faifan makaɗa, da abin da ya sa na gida ba sa ciki

Duk mai son sanin faifai nawa wani makaɗi ya fitar, a yau wayar salula yake ɗauka ya buɗe Wikipedia, kundin sanin nan na intanet da aka kafa a 2001. Ƴan jarida da masu shirya bukukuwan kiɗa ma can suke fara leƙawa. To amma wa ke tabbatar da cewa jerin daidai yake?

Wikipedia ba ta da babban edita da ke sa hannu kafin a wallafa. Masu aikin sa kai ne ke rubutawa, su ne kuma ke duba aikin juna. Idan mutum ya kammala jerin faifan wata ƙungiya, yana iya gabatar da shi ga sauran marubuta su tantance. A sashen Turanci, jerin da ya cika dukkan sharuɗɗa ana saka masa ƙaramin tauraro a saman shafi, alamar yana cikin zaɓaɓɓu.

Masu tantancewar suna bin jerin layi-layi. Mene ne sunan faifan? Wace shekara ya fito, kuma wane kamfani ya buga shi? A ɗakin ɗaukar sauti aka yi shi, ko a gaban jama'a? Kowane layi sai an kafa masa hujja daga jarida, littafi ko wata majiya da aka wallafa. "Na ji da kunnena" ba hujja ba ce a wurinsu, ko da mai faɗar gaskiya yake yi.

Misalin Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa da duniya ta sani da Mdou Moctar, ya nuna inda gizo ke saƙa. Ya ɗauki waƙoƙin faifansa Anar a Sakkwato a 2008. Babu kamfanin da ya buga su a lokacin. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya sa ɗaya daga cikinsu a tarin waƙoƙin da ya tsinto daga wayoyin mutanen Sahara, wanda ya fito a 2011. A 2013 kamfanin ya fitar da Afelan, da aka ɗauka a Cintabaradan. Shi kuwa Anar sai a 2014 aka buga shi a hukumance.

Ke nan wanne ne faifansa na farko? Idan aka bi ranar ɗauka, Anar ne. Idan aka bi ranar bugawa, Afelan ne. Mai tantancewa na ƙwarai ba zai yarda a zaɓi shekara ɗaya a jefar da ɗaya ba. Zai nemi a rubuta duka biyun, kowace da hujjarta, domin a shekaru shidan da ke tsakani ne waƙoƙin suka yi suna a gida.

Mdou Moctar ya tsira ne saboda jaridun waje sun yi rubutu a kansa, musamman bayan kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime a 2021. Haka ma ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta yankin Abalak, wadda ta fitar da Eghass Malan a 2017.

Sai dai a kudancin jihar, a gundumomin Madawa, Buza da Keita, labarin daban ne. Makaɗan biki, na kokowa da na manoma, waƙoƙinsu a kaset suka fara yawo, yanzu kuma a katin waya da WhatsApp. Galibi babu shekara a jiki, babu sunan ƴan amshi, wani lokaci ma mai tura waƙa a kasuwa ne ke raɗa mata suna. Irin wannan aiki, komai farin jininsa, ba zai wuce tantancewa ba, ko a sashen Hausa na kundin, tunda babu takardar da za a nuna.

Sassauta dokar ba zai yi magani ba, don ita ce ke hana kowa ya ƙaga wa kansa tarihi. Abin da ya rage shi ne a samar da hujjar. Gidajen rediyon karkara na iya rubuta sunan waƙa, mai ita da ranar da suka ɗauke ta. Makaɗa na iya yin rajistar ayyukansu a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Jaridu kuma, idan sun je ɗaukar rahoton gasa irin ta Ɗan Gurmu a Tawa, su riƙa kawo sunayen waƙoƙi da na ƴan ƙungiya, maimakon jawabin manyan baƙi kaɗai. Layi biyu da aka buga yau a jarida, su ne hujjar da mai tantancewa zai nema nan da shekara 20.