Indol: Daga shunin rini zuwa maganin sankarar yara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata da ke Kano ya ga yadda baba ke mayar da farin ƙyalle shuɗi. Irin wannan shunin ne wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Jamus, Adolf von Baeyer, ya duƙufa yana warwarewa, har a shekarar 1866 ya fitar da ginshiƙin da aka gina shi a kai. Aka raɗa wa ginshiƙin suna indol, daga sunan shuni a harsunan Turai.

Sifarsa ba ta da wuyar fahimta. Zobba biyu ne manne da juna, ɗaya mai kusurwa shida, ɗaya mai biyar, da ƙwayar naitirojin guda a jikin ƙaramin. Akwai shi a cikin furanni masu ƙamshi, akwai shi kuma a bayan gida, inda yake cikin abubuwan da ke haddasa wari. Abin da ya ba shi daraja wajen masu haɗa magunguna shi ne jikin ɗan Adam ya riga ya saba da shi: sinadarin serotonin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, da melatonin mai daidaita barci, duk a kansa aka gina su. Don haka maganin da ke ɗauke da wannan zobe yakan sami ƙofar shiga. A 1883 Emil Fischer ya gano hanyar ƙera shi a ɗakin gwaji, kuma har yau da ita ake haɗa magunguna irin su indomethacin na ciwon gaɓoɓi da sumatriptan na ciwon ɓarin kai.

Sai dai ƙera zobe daban, ƙera abin da tsiro ke ɗorawa a kansa daban. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada suka gwada ganyen wani fure ɗan asalin Madagaska, wanda ake sha a gargajiyance domin ciwon sukari. Sukarin ɓerayen gwajin bai sauka ba, fararen ƙwayoyin jininsu ne suka zube. Daga wannan ɓatan kai aka samo vinblastine, sannan vincristine, wanda Amurka ta amince da shi a 1963. Yana hana ƙwayoyin sankara rabuwa su yawaita, kuma yana cikin jerin magungunan da ake haɗawa wajen jinyar sankarar jini ta yara da sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a sassan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro. Ba a nufin a jiƙa ganyen a sha, domin guba ne, kuma abin da ake nema a cikinsa ɗan mitsitsi ne: akan tara busasshen ganye kusan kilo 500 kafin a tace giram ɗaya na vinblastine.

Masana sun iya ƙera waɗannan magunguna tun daga tushe a ɗakin gwaji, amma matakan sun yi yawa, ba su biyan kuɗin masana'anta. Shi ya sa har gobe duniya ta dogara da gona da 'yan tsirarun kamfanoni. A 2019, da kamfanin Teva ya daina yin vincristine, asibitocin yara a Amurka kanta sai da suka shiga ƙarancinsa, balle ƙasar da ke shigo da shi da dala.

A 2022 wata tawaga a Denmark ta yi wa yis, irin na kwaɓin burodi, sauye-sauye 56 a ƙwayoyin gadonsa, ya riƙa samar da ɓangarori biyun da ake haɗawa a sami vinblastine. Abin da yake fitarwa bai kai na kasuwa ba tukuna.