Kafin A Tura Kuɗin Mota A Ɗauko Mai Gyara

A ƙauyukanmu yanzu akwai ɗakunan shan magani, makarantu da ofisoshin ƙungiyoyin manoma masu kwamfuta biyu ko uku, da ɗan akwatin nan mai raba intanet da ake kira rauta. Wata rana ƙarshen wata ya zo, ga rahoto za a aika, sai shafi ya ƙi buɗewa. Nan da nan a ce intanet ta mutu. Wannan ya sake sayen data, wancan ya tura kuɗin mota a ɗauko mai gyara daga birni. Sau da yawa kuwa hanya lafiyarta ƙalau. Suna ne aka kasa samo lambarsa.

Ga yadda abin yake. Wayarka ba ta san sunan ɗan'uwanka ba, lambarsa take kira. In sunayen da ka ajiye suka goge, sabis yana nan, amma ba ka iya kiran kowa sai wanda ka haddace lambarsa. Haka kwamfuta take. Kowane shafi yana zaune a kan wata na'ura mai lamba. In ka rubuta wikipedia.org, kwamfutarka takan tambayi wata na'ura lambar wannan suna tukuna. Tsarin nan shi ake kira DNS, na'urar da ke ba da amsa kuwa bari mu kira ta magatakardan sunaye. Da can wata cibiyar bincike ce a Kalifoniya ta ƙasar Amurka take riƙe da jerin sunayen duka, kowa yana kwafa. Da na'urori suka yi yawa sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983.

A ƙaramin ofis kwamfuta takan tambayi rauta, rauta kuma ta tambayi magatakardan kamfanin da ya sayar muku da data. In ɗayansu ya yi shiru, ba shafin da zai buɗe.

To, ƙaƙa za a gane? In Windows kake aiki da ita, nemi cmd ka buɗe, baƙin allo zai fito. Rubuta ping 8.8.8.8 ka danna Enter. Lambar nan ta magatakardan Google ce, wanda aka buɗe wa kowa a 2009. Kira ne da lamba, ba suna a ciki. In ba amsa, duba data, wuta da igiya. Rubuta ipconfig kuma. In lambar kwamfutarka ta soma da 169.254, rauta ba ta ba ta lamba ba ke nan.

In amsa ta zo, hanya tana da kyau. Sai ka rubuta nslookup wikipedia.org, wannan zai tambayi magatakardan da kuka saba da shi. Sa'an nan ka sake rubutawa, ka ƙara 8.8.8.8 a ƙarshe, watau ka kai tambayar wurin na Google. In na fari ya yi shiru, na biyu ya ba da lamba, ka kama mai laifi.

Magani na fari ba ya cin ko kwabo. Kashe rauta, ƙirga talatin, ka kunna. In bai yi ba, shiga saitin rauta. Lambar shiga galibi tana rubuce a ƙarƙashinta, kamar 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A gurbin DNS sa 8.8.8.8, a gurbi na biyu sa 1.1.1.1, na kamfanin Cloudflare wanda ya fara aiki a 2018. Amma lalle ka rubuta abin da ka tarar a littafi kafin ka taɓa kome.

A nan sai an yi hattara. In ofishinku yana da sunaye na cikin gida, kamar na firinta ko na kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya, magatakardan waje bai san su ba. In ka sa lambarsa a kan kowace kwamfuta, intanet za ta dawo, sunayen gida su ɓace. Shi ya sa a ganina gara a yi canjin a cikin rauta kaɗai. Kada kuma ka karɓi lambar magatakarda daga wanda ba ka sani ba. Magatakarda maƙaryaci yana iya kai ka shafin banki na jabu, kai kuwa sunan gaskiya ka rubuta.

In kwamfuta ɗaya ce kaɗai ta ƙi, wataƙila tsohuwar amsa ta riƙe, gama takan ajiye amsoshi na ɗan lokaci. Rubuta ipconfig /flushdns domin ta manta da su. Duba kuma ko wani ya taɓa sa mata lambar magatakarda da hannu a wani ofis dabam.

In kuwa suna ɗaya ne ya ƙi, sauran suna buɗewa, bar rautarka ta huta, matsalar tana wurin mai sunan. Ran 4 ga Oktoba 2021 an kasa kaiwa ga magatakardan Facebook, sai Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya kusan awa shida a duniya duka. Ba abin da mai gyara zai iya yi a ofishinku a irin wannan rana. Wani lokaci kuma kuɗin haya ne ya ƙare, domin suna ba a saye shi har abada, sabuntawa ake yi, galibi shekara shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA. In ƙungiyarku tana da nata suna, a rubuta ranar sabuntawa a kalandar bango, ma'aji kuma ya ware kuɗin tun da wata guda.