Chrome na rufe kansa bayan mizajur? Abin da ya kamata a duba kafin a yi wa waya filash

Tsakanin ranakun 22 da 23 ga watan Maris na 2021, masu wayoyin Android a ƙasashe da dama sun ga abin da ya ɗaure musu kai. Mutum ya taɓa Gmail, ta buɗe, kafin ƙiftawar ido ta rufe kanta. Ya koma Yahoo Mail ko manhajar bankinsa, labarin bai sauya ba. Wayar ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba, rezo kuma lafiya lau.

Laifin ba na wayoyin ba ne. Ya fito ne daga wata ƴar manhaja da galibin mutane ba su taɓa jin sunanta ba, Android System WebView. Ita ce ƙanwar Chrome da ke zaune a cikin waya, wadda sauran manhajoji ke arowa duk lokacin da suke son nuna shafin intanet ba tare da sun fitar da mutum waje ba. Da ta yi tuntuɓe, sai duk masu jingina da ita suka faɗi tare. Cikin ƴan sa'o'i kamfanin Google ya fitar da gyara, ya ce a shiga Play Store a sabunta WebView da Chrome zuwa lamba 89.0.4389.105. Daga baya ya bayyana cewa kuskuren ya samo asali ne daga tsarin da yake amfani da shi wajen tura gwaje-gwaje da sauye-sauyen saiti zuwa wayoyin jama'a. Maganin gaba ɗaya bai wuce danna maɓalli biyu ba.

Wannan labari ya shafi Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai kai tsaye, saboda wata al'ada da ta yi kaka-gida a rumfunan gyaran waya. Da zarar manhajar shiga intanet, wadda matasa ke kira nabigatar, ta fara rufe kanta bayan sabuntawa, wato mizajur, abin da ake yawan ji shi ne: a yi mata filash. A shagunan sibar kuma a ce a fomate kwamfutar. Aikin na da sauri, kuma sau da yawa matsalar na tafiya. Sai dai tana tafiya ne tare da hotuna, da lambobin mutane, da saƙonnin WhatsApp da ba a adana ba, da kalmomin sirrin da nabigatar ke riƙe wa mai waya shekara da shekaru har ya manta su. An kashe sauro, an ƙone gidan sauron.

Akwai ma abin da ya fi haka ciwo. Tun daga Android 5.1, wayar da aka goge ta ƙarfi ta hanyar maɓallan gefe tana iya ƙin buɗewa sai an shigar da adireshin Gmail da kalmar sirrin da ke kanta a da. An yi haka ne don hana ɓarayi cin moriyar wayar sata. To amma mutane nawa ne a nan mai sayar da waya ko wani ƙane ya buɗe musu Gmail ɗin a tsaye, ba su taɓa rubuta kalmar sirrin ba? Ɗan ci-rani da ke Aljeriya ko Libiya ko Legas, wanda ya aiko wa mahaifiyarsa waya don su riƙa gaisawa, ya san wannan wahala: a kira shi daga gida ana tambayarsa kalmar da shi kansa ya manta.

Abin da ya faru a watan Disamba na 2019 ya ƙara nuna amfanin haƙuri. Chrome 79 ya sauya wurin da ake ajiye bayanai a cikin wayoyin Android, sai wasu manhajojin da aka gina kan WebView suka buɗe fayau, kamar ba a taɓa amfani da su ba. Mutane suka ɗauka komai ya salwanta. Google ya dakatar da rabon sabuntawar bayan ta kai kusan rabin masu amfani, sannan ya fitar da gyara. Ashe bayanan na nan a cikin waya, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace. Wanda ya jira ya ga kayansa sun dawo. Wanda ya yi gaggawar goge wayarsa kuwa, shi ya ƙarasa asarar da hannunsa.

A kan waya

A 2021 Chrome ya fara fitar da babbar sabuntawa kusan kowane mako huɗu, Firefox kuma ya fara haka tun a 2020. Da irin wannan gudu, dole wata rana a yi karo da wani abu. Don haka tambayar farko ita ce: ni kaɗai ne, ko kowa ne? Idan wayar maƙwabci da ta abokin aiki na yin irin wannan rufewa a rana ɗaya, to matsalar daga kamfani take, kuma gyaranta daga can zai zo. A shiga Play Store, a nemi Chrome, a nemi Android System WebView, a sabunta dukansu biyun. Idan ana tsoron cinye forfe, a bari sai an samu wifi.

Idan mutum shi kaɗai ne, sai ya kashe wayar ya kunna, sannan ya duba ko akwai sauran wuri a cikinta. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno masu jiga 16 ko 32 na cika da bidiyon zaurukan WhatsApp ba tare da mai su ya lura ba, kuma nabigatar da ta rasa inda za ta ajiye ko ɗan fayil guda takan yi ta faɗuwa.

Daga nan sai a shiga Paramètres, a buɗe Applications, a zaɓi Chrome, a shiga Stockage. A nan ne ake yawan yin ɓarna, domin maɓallai biyu ne ke zaune kusa da juna. Vider le cache na share tarkacen wucin-gadi ne kawai, wato hotuna da guntayen shafukan da nabigatar ta tara don ta riƙa buɗewa da sauri. Babu abin da ake rasawa. Ɗaya maɓallin, wanda yawanci ake rubuta Effacer les données a kansa, sunan kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, shi yana mayar da manhajar kamar ranar da aka saka ta. Shafukan da aka adana da waɗanda ke buɗe duk suna tafiya, sai abin da aka riga aka haɗa da asusun Google. A fara da na farko. Na biyun kuwa kada a taɓa shi sai an tabbatar asusun na aiki kuma an san kalmar sirrinsa.

Idan duk wannan bai yi ba, a shafin manhajar akwai ɗigo uku a sama, inda ake samun Désinstaller les mises à jour. Yana mayar da Chrome ko WebView zuwa yadda suka zo daga kamfanin waya. Dabarar da mutane da yawa suka tsira da ita ke nan a Maris na 2021 kafin gyara ya fito. Amma mafaka ce ta kwana ɗaya ko biyu, ba wurin zama ba: tsohuwar nabigatar na ɗauke da ramukan tsaro da aka riga aka sani, kuma ta cikinta ne mutum ke shigar da kalmomin sirrinsa. Haka nan karɓar Chrome daga wayar aboki ta Xender ba mafita ba ce. Fayil ɗin da ya dace da wata waya ba lalle ya dace da wata ba, sannan ba a san ta hannun wa ya biyo ba.

A kan kwamfuta

Ga ɗalibin da ke rubuta kundinsa ko mai shagon sibar, waɗanda ake zargi sukan kasance uku. Na farko su ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa nabigatar, irin masu toshe talla da masu sauke bidiyo. Nabigatar ta ci gaba, su sun tsaya a baya, sai a yi karo. Gwajin na da sauƙi. A Chrome a danna Ctrl da Shift da N, domin tagar sirri da za ta buɗe ba ta ɗaukar waɗannan ƙananan manhajoji sai in an ba su izini. A Firefox a riƙe Shift yayin buɗe shi, zai shiga Mode de dépannage. Idan komai ya tafi daidai a nan, an kama ɓarawon. Sai a kashe su duka, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin.

Na biyu shi ne sashen da ke zana hoto a allo. Nabigatar na jingina wani ɓangare na aikinta ga katin hoto don ta yi sauri, amma a tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu, manhajar da ke tuƙa katin kan yi shekaru ba a sabunta ta ba. Alamarsa allo ya yi baƙi, ko ya riƙa ƙyaftawa, ko a faɗi da zarar an kunna bidiyo. A saitin Chrome, ƙarƙashin Système, a kashe accélération graphique, a sake buɗewa.

Na uku shi ne antibirus. A watan Oktoba na 2019, Chrome 78 ya riƙa nuna saƙon nan na "Aïe aïe aïe" a kowane shafi a kwamfutocin da ke ɗauke da tsohon Symantec Endpoint Protection, saboda wani sabon matakin tsaro na Chrome da tsohon antibirus ɗin bai san da shi ba. Idan haka ta faru da manhajar da manyan kamfanoni ke saye da kuɗinsu, ina ga wadda aka kwafo daga kile aka fasa lasisinta?

Akwai kuma lokacin da jakar bayanan mai amfani ce ta lalace, abin da ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa kan iya jawowa. Wannan ne ya sa wasu ke cire Chrome su sake sakawa amma matsalar ta dawo, domin cirewar ba lalle ta taɓa jakar ba. A Windows tana cikin AppData, Local, Google, Chrome, User Data, da sunan Default. A rufe Chrome, a sauya mata suna kawai, kada a goge ta. Chrome zai ƙirƙiri sabuwa, tsohuwar kuma na nan idan an buƙaci wani abu daga ciki. Firefox ya sauƙaƙa wannan aiki: a rubuta about:support a wurin adireshi, a danna Réparer Firefox. Zai riƙe shafukan da aka adana da kalmomin sirri da tarihin bincike, ya zubar da ƙananan manhajoji da saitin da aka sauya, sannan ya ajiye kwafin tsohuwar jakar a kan allon kwamfuta.

Wasu na'urorin kuwa zamani ne ya wuce su, babu dabarar da za ta dawo da su sahu. Chrome 109, na watan Janairun 2023, shi ne na ƙarshe ga Windows 7 da 8.1, kuma Firefox ya tsaya musu a kan 115. A ɓangaren waya, Chrome 138 ne na ƙarshe ga Android 8 da 9, daga 139 da ya fito a watan Agustan 2025 sai mai Android 10 zuwa sama. Nabigatar da ke kan irin waɗannan na'urori za ta ci gaba da buɗewa, amma a hankali wasu shafuka za su fara ƙin aiki daidai, kuma filash ko fomate ba za su sauya komai ba. Mai shirin sayen wayar hannu a kasuwa, ko mai niyyar aiko da ita gida, ya shiga Paramètres, ya gangara zuwa À propos du téléphone, ya ga lambar Android ɗinta kafin ya ƙirga kuɗi.