Amsoshin Tambayoyinku: In Ɗan Wasa Ya Bar Kulob Ya Yi Fice a Wani Wuri, Laifin Wa?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Banga ta ƙasar Ƙauran Namoda, daga wani manomi mai taɓa kiwo, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa a taƙaice:

"Malam, gardama ce ta haɗa ni da ƙanena a gidan kallon ƙwallo. Shi ya ce shugabannin Chelsea ba su san aikinsu ba, tun da suka sayar da Mohamed Salah da Kevin De Bruyne, ga shi sun je wasu wurare sun zama taurari. Ni kuwa na ce ba su da laifi, rabon yaran ne ba ya can. Sai ya ce ai dole in faɗi haka, don ni ma na kai ɗan bijiminmu na gado kasuwar Shinkafi farkon damina na sayar, na sayi taki, wanda ya saya ya turke shi, da layya ta zo ya sayar kusan ninki biyu. Yau mako uku ke nan ba ma cin tuwo kwano ɗaya. Don Allah a raba mu."

To madalla, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai na lura gardamar taku rabi ce ta ƙwallo, rabi kuwa ta sa ce, don haka za mu fara da ƙwallon mu ƙare da san. Amsar a dunƙule ita ce, wani lokaci kulob yana da laifi, wani lokaci ba shi da shi, kuma ficen da yaro ya yi bayan ya tafi, shi kaɗai bai isa shaida ba. Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi kafin a yanke hukunci.

Amma bari in ɗan yi bayani saboda iyayenmu da ba sa zuwa gidan kallo. Idan an ce an sayar da ɗan wasa, ba mutum aka sayar ba. Yarjejeniya ce ya sa wa hannu cewa zai yi wa kulob wasa na shekara kaza, to idan wani kulob yana son sa kafin wa'adin ya cika, sai ya biya kuɗi a warware ta, shi ma yaron sai ya yarda. Akwai kuma aro, inda ake tura yaro wani kulob ya yi kaka ɗaya ya dawo, kamar yadda ake ba Bafulatani kiwon saniya amma tana nan ta mai ita. Wannan ƙorafi kuwa ba yau ya fara ba. A Amurka, a wasansu na besbol da ake dukan ƙwallo da sanda, kulob ɗin birnin Boston ya sayar wa na New York wani mai suna Babe Ruth a ƙarshen 1919 a kan dala 100,000. Mutumin ya je can ya zama gagara-badau, su kuwa mutanen Boston, daga kofin da suka ci a 1918 ba su sake ɗaukar wani ba sai 2004, shekara 86 ke nan suna cizon yatsa.

Tambaya ta farko, shin an ba yaron dama, an kuma ajiye shi inda ya dace? A nan, Malam, ƙanenka yana da gaskiya babba. De Bruyne wasa 3 kacal ya buga wa Chelsea a gasar Firimiya, aka sayar da shi ga Wolfsburg ta Jamus a Janairun 2014 a kan wajen fam miliyan 18. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Jamus na 2015, Manchester City ta saye shi a kan wajen fam miliyan 55, ya ci mata kofin Firimiya har sau 6. Salah kuma a wannan wata na Janairun 2014 aka sayo shi daga Basel, ya buga wasa 13 a gasar, ya ci ƙwallo 2, aka tura shi aro Fiorentina, daga nan Roma. Da Liverpool ta ɗauko shi a 2017, kakarsa ta farko ya zura ƙwallo 32 a Firimiya. To wanda ka gwada sau 3, ai ba ka gwada shi ba. Kuma ba su biyu kaɗai ba ne, a 2014 ɗin aka sallama Romelu Lukaku ga Everton. In abu ya faru sau ɗaya a ce tsautsayi, in ya faru sau uku a gida ɗaya cikin ɗan lokaci, sai mai gida ya binciki kansa.

Abin da ya ƙara tabbatar da wannan shi ne labarin ɗanmu Victor Moses. Shekara uku a jere Chelsea tana tura shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, kamar ba shi da amfani. Da sabon koci Antonio Conte ya zo a 2016, sai ya canza masa wuri, ya sa shi a gefen dama yana tsaron baya yana kuma kai hari. Da shi aka ci kofin Firimiya na 2017. Kulob ɗaya, yaro ɗaya, wurin tsayuwa kawai aka sauya. Ni kaina na ga irin wannan lokacin da nake koyarwa a firamare. Akwai yaron da na yi shekara guda ina ɗauka daƙiƙi ne, ashe allo ne ba ya gani daga bencin baya. Da ya koma hannun wani malami, ya dawo da shi gaba, sai ga shi cikin na ɗaya zuwa na biyar. Wannan laifina ne, ba na yaron ba. Kowane manomi ya san shinkafar da ta ƙi a jigawa, in ka kai ta fadama sai ka yi mamaki.

Sai dai kada mu manta, su ma Chelsea suna da abin faɗa. A lokacin suna da Eden Hazard da Willian da Oscar, duk suna ganiyarsu, fili kuwa mutum goma sha ɗaya yake ɗauka, su kuma yaran wasa suke so ba zaman benci ba. Bayan tafiyarsu Chelsea ta ci kofin Firimiya a 2015 da 2017. Saboda haka laifin gaggawa ne, amma ba a ce ba su san aikinsu ba.

Tambaya ta biyu, shin ba lokaci ne ko rashin lafiya ya hana yaron ba? Ɗauki Victor Osimhen. Ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, Wolfsburg ta ɗauke shi yana ɗan shekara 18. Ya buga mata wasa 16 bai ci ko ɗaya ba, ga ciwon kafaɗa da aka yi masa aiki, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kayar da shi a 2018. Da aka tura shi Charleroi ta Beljiyam, ya warke, ya ci ƙwallo 20 a kaka ɗaya. Daga nan Lille, sai Napoli ta Italiya, inda ya ci 26 a kakar da suka ɗauki kofi a 2023, bayan shekara 33 suna jira, aka kuma ba shi gwarzon Afirka na wannan shekara. Ana iya cewa Wolfsburg ta yi gajen haƙuri, amma abin da ta gani da idonta ta yi aiki da shi. Yaro ɗan shekara 19 ba ɗaya yake da ɗan shekara 24 ba, kamar yadda maraƙi ba ya jan garma. Wani ƙarin da ake gani a sabon gida, da yaron ya zauna a tsohon ma zai yi shi, girma ne kawai ya zo.

Tambaya ta uku, shin suna da ikon riƙe shi? A nan sai mu dawo gida. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, abin da ba a taɓa yi ba a gasar Nijeriya kafin lokacin, Pillars ta zo ta biyu. Yana cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 ya fara wasa a VVV-Venlo ta ƙasar Holan, a 2012 ya wuce CSKA ta birnin Mosko, inda ya ci kofin Rasha sau uku. Akwai wanda zai zargi Masu Gida da sakinsa? Da farko ma a matsayin aro ya zo musu daga wata makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Jos. Na biyu, albashin Turai ba a haɗa shi da na gida, wanda ya hana yaro tafiya ya tare masa arziki. Na uku, Pillars ba ta durƙushe ba, ta ci kofin ƙasa a 2012 da 2013 da 2014 a jere. Shi kuma bai manta gida ba, ya dawo ya buga mata a 2021.

Labarin Ahmed ɗin yana da wani darasi. A 2016 Leicester ta Ingila ta saye shi a kan sama da fam miliyan 16, amma ƙwallo 2 kacal ya ci mata a Firimiya. Aka mai da shi CSKA aro a farkon 2018, ƙafarsa ta dawo, a watan Yuni ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya. Mutum ɗaya ne, ya yi kyau a Kano, ya yi kyau a Mosko, ya ƙi a Ingila. Abincin wani gubar wani.

Tambaya ta huɗu, wadda mutane suka fi mantawa, me aka yi da kuɗin? A Janairun 2018 Liverpool ta sayar wa Barcelona Philippe Coutinho a kan sama da fam miliyan 100, magoya baya suka yi ta kuka. A wannan shekara ta kawo mai tsaron baya Virgil van Dijk da mai tsaron raga Alisson, ta ci kofin zakarun Turai a 2019, ta ci Firimiya a 2020, bayan shekara 30 rabonta da kofin Ingila. Coutinho kuwa bai yi abin da aka zata ba. Haka Hazard, Chelsea ta sayar wa Real Madrid shi a 2019 da tsada, rauni ya sa shi gaba, ya ci ƙwallo 7 kacal cikin shekara huɗu. Ka taɓa jin ƙanenka ya yaba wa Chelsea a kan wannan ciniki? Halin ɗan Adam ke nan, wanda ya tafi ya yi fice kullum muna ganinsa a talabijin, waɗanda suka tafi suka ɓace kuwa ba mai ƙirga su. In za a yi wa kulob hisabi, a jera duk waɗanda ya sayar, ba biyu kaɗai ba.

To yanzu sai mu koma kan bijimi, Malam, ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi huɗu tsakaninka da Allah. Kafin ka kai shi kara, ka ba shi haƙƙinsa? Ka ba shi maganin tsutsar ciki da na ciwon hanta, ka ba shi dusa da harawa da kanwa, ko kuwa sake shi ka yi yana kalar kara a gona? In kana da abin ba shi ka ƙi, ka sayar da shi a rame, to ka yi irin ta Chelsea da De Bruyne. In kuwa farkon damina ne, rumbu ya yi ƙasa, harawa ta ƙare, ciyawa ba ta tashi ba, ga gona tana jiran taki, to halinka irin na Pillars ne, ba ka da ikon riƙewa. Ka kuma tuna wa ƙanenka cewa ninkin da ya gani ba duka ne riba ba. A cire kuɗin dusa da ƙuli da harawa na watanni, da magani, da ɗiban ruwa, da la'adar dillali, da kuɗin mota, da kasadar ciwo ko sata, sa'an nan a lissafa farashin da layya kan ɗaga wa kowace dabba. A ɗaya gefen kuma a auna buhunan da takin ya ƙara muku. Sai an ɗora waɗannan biyu a sikeli za a san wanda ya ci wanda ya faɗi.

Amma akwai wani abu da na hango a wasiƙarka wanda ya fi duk wannan lissafi. Ka ce bijimin na gado ne, wato ƙanenka yana da haƙƙi a ciki, amma ba ka ce ka shawarce shi kafin ka sayar ba. Ina zaton nan gizo yake saƙar. In ba ka yi ba, to ko cinikin ya yi riba ka yi kuskure, kuma girma naka ne, kai ya kamata ka fara zuwa. Ka kira shi bayan sallar isha'i, ka buɗe masa lissafin kuɗin san da na taki, ka ba shi haƙuri a kan rashin shawara. Shi kuma ƙane, in yana saurare, ya sani da-na-sani ƙeya ce, kowa gwanin ciniki ne bayan kasuwa ta tashi. Ana auna mutum da abin da ya sani ranar da ya yanke shawara, ba da abin da ya bayyana daga baya ba. Gaiba sai Allah.

Su Salah da De Bruyne ba su san da zamanku a Banga ba, bai kamata a raba kwanon tuwo saboda su ba. Da fatan mai tambaya ya gamsu, kuma muna jiran wasiƙar da za ta ce mana an shirya. Sauran masu tambayoyi a ci gaba da aiko mana, a riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.